Na-Sani Da Kyamarar Manya

A layinsu babu mai kiran mai gyaran fanka da sunansa na gaskiya. Na-Sani ake ce masa. Dalili kuwa, ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce masa an yi gobara a kasuwa, ya ce, "Na sani." Ka ce masa ashe ba kasuwa ba ce, tasha ce, ya ce, "Na sani." Ran da likita ya fara yi masa bayanin ciwon cikinsa, shi ya ƙarasa wa likitan bayanin.

Uwarsu, Inna, ta haura tamanin, kuma hotonta ɗaya ne tak a duniya: na katin shaida, wanda ta fito a ciki kamar an kama ta da kayan sata. Tun daga ranar ta ce ita da hoto har abada. Duk jikan da ya ɗaga waya ya saita ta, sandarta ce ke ba shi amsa, kuma sandar ba ta kuskure.

Sai ga Auta ya dawo. Shi ne ƙaramin ɗanta, yana aiki a jirgin ruwa, sai ya shekara huɗu bai taka gida ba. Hutun mako ɗaya ya samu. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ina so in tafi da fuskarki. A teku in na rufe ido muryarki kawai ke zuwa mini, ita ma tana faɗa."

Inna ta yi kwana biyu tana zaginsa, a na uku ta yarda. Amma da sharaɗi. Sau ɗaya za ta zauna. Da 'ya'yanta da jikokinta gaba ɗaya. Kuma da kyamara ta gaskiya, ba wayar da ake kiran mai kwasar shara da ita ba. Aka tsayar da Asabar da safe, don Lahadi Auta zai kama hanya. Kowa a gidan ya san shekara huɗu ba wasa ba ce ga mai tamanin, amma babu wanda ya furta.

Ƙanwar Na-Sani, wadda ke aikin jinya har sunan Nas ya bi ta, ta ce, "A kira mai hoto a huta."

Na-Sani ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Mai hoto? Ina raye?"

"Yaya, yaushe ka taɓa ɗaukar hoto?"

"Kafin a haife ki nake harkar."

Gaskiyar maganar, yana saurayi ya taɓa riƙe wa wani mai hoto lema na rabin yini, aka sallame shi saboda yana shiga cikin hoton. Amma Auta mutum ne mai kunyar yayansa. Ya ce dama yana so ya saya wa gidan kyamara, a riƙa aika masa da hotuna. Ya danƙa wa Na-Sani kuɗin. Nas ta dubi sama, ta ce Allah ya kyauta.

Mai shagon kyamara mutum ne mai sanyi, wanda ya shekara ashirin yana sayar da kaya ga mutanen da suka fi shi sani. Ya ji abin da ke hannun Na-Sani, ya ɗauko kyamarori biyu ya jera a kan gilashin kanta.

"Yallaɓai, kuɗinka zai sayi ɗaya daga cikin biyun nan. Wannan sabuwa ce, ta masu farawa. Ka ga wannan koriyar alamar? Ka murɗa nan, ka danna, shi ke nan. Ita za ta auna haske, ita za ta nemo fuska. Ga allon baya kamar tafin hannu, duk abin da ka ɗauka za ka gan shi tar."

Na-Sani bai ko dube ta ba. Idonsa na kan ta biyun: baƙa, ƙatuwa, fenti ya koɗe a kusurwoyinta, maɓallai ta gaba ta baya ta sama, ga dogon baki kamar salansar babur.

"Wannan fa?"

"Wannan ta manya ce, amma ta kwana biyu. A zamaninta sarauniya ce. Har gobe in ta samu hannun da ya san ta, ƙaramar ba ta kama ƙafarta ba. Sai dai ba ta da koriyar alama. Ba ta yi wa kowa tunani."

"Tunani nake da shi har ya yi mini yawa."

"Wa za a ɗauka?"

"Mutane."

"A tsaye ko a guje?"

"Ka taɓa ganin tsohuwa 'yar tamanin a guje?"

"To wallahi ƙaramar ce taka."

Na-Sani ya ɗauki ƙaramar da hannun hagu, babbar da hannun dama, ya jijjiga su kamar mai awon kankana. Hannun dama ya yi ƙasa. Ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Malam, shekarata talatin ina buɗe cikin fanka. Mai nauyi ita ce mai tagulla. Mara nauyi roba ce da yaudara, wata uku ta ƙone. Kun ga dattijo da tabarau, kun ce ga wanda za a lafta wa roba."

"Yallaɓai, kyamara ba fanka ba ce."

"Na sani."

"To tsaya in gaya maka abu biyu. Mai wannan na da a filin ƙwallo ya yi aiki. Ya saita ta ta riƙa bin duk abin da ke gudu, kuma in ka danna ba ta tsayawa sai ka ɗaga yatsa. Ba ni minti biyu in mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Na biyu, wannan dogon bakin na jawo na nesa ne. In cire shi in sa maka gajere, shi ne na hoton iyali."

Na-Sani ya rungume kyamarar a ƙirji. "Kada ka taɓa! Saitin ƙwararre za ka goge? Shi na zo saye. Kuma dogon ne ka ga ya fi tsada, kana so ka riƙe. Gajeren ka ajiye wa 'yan koyo."

Mai shago ya miƙo littafin bayani mai kaurin bulo.

"Wannan na me?"

"Na karantawa."

"Littafi na wanda bai sani ba ne."

Mai shago ya mayar da littafin ƙarƙashin kanta, ya ce, "Muna buɗewa har Asabar da yamma." Na-Sani bai ji ba, ya riga ya rataya ta a wuya, ya fita yana tafiya a sunkuye kamar wanda aka ɗaura wa dutse.

Shagonsa na gyaran fanka yana jingine da na mai aski, kuma duka biyun suna kallon ƙofar gidan Inna daga tsallaken titi. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, shekara ashirin mai aski yana jiran irin wannan rana.

"Injiniya, yaƙi aka fara ba mu ji ba?"

"Kyamara ce."

"Ita ke ɗaukar mutum, ko mutum ke ɗaukarta?"

"Ba za ka gane ba. Aikinka kai da almakashi ne. Tsaya yadda kake, in nuna maka ilimi."

Mai aski na riƙe da injin aski a ƙeyar wani malamin makaranta. Na-Sani ya ja da baya har bakin kwata, ya kafa ido a 'yar tagar leƙe, ya danna.

Tatatatatatata!

Malamin makaranta ya yi tsalle daga kujera. Injin aski ya zana masa hanya daga ƙeya har tsakar ka. Wata mai tallar lemo ta ajiye farantinta ta kwanta a ƙasa. Na-Sani kansa ya ɗauki lokaci kafin ya tuna cewa yatsan nasa ne.

"Goma a daƙiƙa ɗaya," ya ce, yana haki. "Ƙaramar sai ta yi atishawa kafin ta yi ɗaya."

"Dubi kaina!" in ji malamin makaranta. "Gobe ina da taron iyaye!"

"Aske duka, ya fi maka kwarjini."

Mai aski ya leƙo allon bayan kyamarar. Allon bai fi kwalin ashana ba, ga zane-zanen tsufa. Ya ƙanƙance ido.

"Na ga babur. Wannan da ya wuce yanzu ne. Har lambarsa na gani. Ni ina nake?"

"Ga ka nan a baya."

"Wannan gajimaren?"

"Allon ne ƙarami. Manya ba sa kallon allo. A babbar talabijin za ka ga har ƙurajen hancinka."

"Injiniya, ka koma wurin mai shagon nan ya duba maka."

"Na sani."

Bai koma ba. Ranar Juma'a wuyansa ya sage, sai da matarsa ta gasa masa da ruwan zafi. Ta ce ai masu hoto suna da wani ƙarfe mai ƙafa uku da suke ɗora kyamara a kai. Ya ce ƙarfe yana cike da shagonsa. Ya jawo wata fanka ta tsaye da mai ita ya manta da ita tun bara, ya kwance kan, ya ɗaure kyamarar a wuyanta da wayar wuta da tsohuwar robar taya. Ya ja baya ya dubi aikinsa.

"Masu kamfani su zo su koya," ya ce.

Asabar da hantsi gida ya cika. Mutum talatin da ɗaya, kowa da kayan da ya fi so. Auta ne kawai ya fito da tsohuwar riga, don mai wanki ya aiko cewa farar rigarsa mai aiki a wuya ba ta bushe ba. Inna ta fito daga ɗaki da mayafin da ta shekara goma tana ɓoyo a ƙasan akwati, aka zaunar da ita a kujera a tsakar gida, sanda a kan cinya.

Abu na farko da Na-Sani ya yi, ya zaga da bokiti.

"Kowa ya zuba wayarsa a nan."

"Saboda me?" in ji Nas.

"Suna rikita injin."

"Yaya, bar mini tawa. Ko da tsautsayi."

"Tsautsayi yana samun wanda bai sani ba ne. Zuba."

Inna ta buga sanda a ƙasa. "Ku zuba. Na ce ban da waya." Aka zuba. Na-Sani ya kai bokitin ɗakinsa, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

Ya kafa fankarsa, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe.

"Me ka gani?" in ji Auta.

Kunne ya gani. Kunnen Nas, da ɗan kunnenta, ya cika tagar gaba ɗaya.

"Kun matso da yawa."

"Mu da ba mu motsa ba?"

Ya ja fankar baya. Kunne da rabin kunci. Ya ƙara ja, ya yi karo da durom ɗin ruwa, murfin ya faɗo da ƙara, jarirai biyu suka fashe da kuka. Ya ƙara ja har bayansa ya daki bango. Yanzu yana ganin kawuna uku, babu na Inna a ciki. Ya buɗe ƙofar gida ya fita da baya, ya leƙo daga waje. Kawuna biyar, da ƙyauren ƙofa.

"Gidan nan ne ƙarami," ya ce. "Tun ran da aka gina shi na faɗa."

"Ran da aka gina shi kana goye a bayana," in ji Inna.

"A fito waje. Kowa ya jeru a ƙofar gida. Ni zan tsallaka."

Aka ɗauki Inna da kujerarta kamar kayan ƙaura, aka dasa a bakin titi. Mutum talatin suka jeru a bayanta, manya a tsaye, yara a tsugune. Rana ta fito musu ta gaba sosai. Na-Sani ya saɓi fanka, ya tsallaka titi, ya kafa ta a ƙofar mai aski. Nan ne dai kowa ya shiga tagar, sai ɗan gefen mijin Nas da ya yi saura, shi kuma Na-Sani ya ce dama suruki ne.

Kafin ya gama ɗaure wayar, layin ya cika. Masu shaguna suka fito. Mata suka leƙo ta tagogi. Mai aski ya fito da benci ya jera wa 'yan kallo, malamin makaranta ya samu wuri a gaba, da hula har kunne.

"Kada wanda ya motsa!" Na-Sani ya ƙwala daga tsallake.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce ku matsa!" in ji mai aski.

Mutum talatin suka matsa.

"Ba matsa ba! Ku koma! Ku tsaya kamar gumaka! Ko numfashi ban yarda ba!"

Suka sandare. Ya sunkuya zai danna, sai wuyan fankar ya gaji, bakin kyamarar ya yi ƙasa a hankali kamar mai gaisuwa, ya tsaya yana kallon kwata. Ya ɗago shi, ya ƙara waya. Ya sake sunkuyawa, gwiwar hannunsa ta taɓa ɗan maɓallin da ke bayan wuyan. Fankar ta tuna aikinta na da. Ta juya hagu, ta dubi shagon mai ɗinki. Ta juyo dama, ta dubi masu benci ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya, sa ta a lamba uku, zafi ake yi," in ji mai aski.

Na-Sani ya rungume fankar da hannu ɗaya, ya danne ta da gwiwa, ya danna.

Tatatatatata!

Daidai lokacin babur ya gifta. Ya jira, ya sake dannawa, mai kura da jarkokin ruwa ya gifta. Ya sake, wani ya wuce da katifa a ka. Titi ne, ba a gaya masa ana hoto ba. Motar haya, keke, kaza da 'ya'yanta shida, keke kuma.

"An gama?" in ji Auta.

"Gwaji nake yi. Ku yi murmushi, amma kada leɓe ya motsa."

"Yaya, Inna tana da hawan jini!" in ji Nas. "Rana ta yi yawa!"

"Na sani! Hasken nake so!"

Rabin awa ta wuce. Kwalliyar mata ta fara gangarowa. Wani jika ya yi fitsari a tsaye don an ce kada ya motsa. Mijin Nas ya ce tun da rabinsa kawai ke ciki, a bar ɗaya rabin ya je inuwa. Na-Sani ya leƙa allon ashana, ya ga launuka, ya gyaɗa kai kamar mai karanta takardar gado.

"Saura kaɗan. A sake daga farko. Wancan na ƙarshe ya ƙifta ido."

Awa ɗaya cif, Inna ta ce, "Ya isa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa sanda ta miƙe. Auta ya kai hannu, ta kaɗe shi. Ta sauka daga dakali ta shiga titi ba ta dubi hagu ko dama ba. Wani mai babur ya ja birki har ya juya. Tsohuwar da ake riƙewa zuwa banɗaki, ga ta tana tsallaka titi da sauri, mayafi na tashi a bayanta, sanda a sama.

Na-Sani idonsa na cikin taga. Ya ga Inna tana girma.

"Inna, kin fita daga layi! Inna, koma! Inna!"

Tsoro ya ƙame masa yatsa a kan maɓalli. Tatatatatatatatata! Kyamarar ba ta yi shiru ba sai da sandar ta sauka a kafaɗarsa. Ta biyu ta samu fankar. Ta uku ba ta same shi ba, don ya riga ya shige bayan kujerar aski.

"Na zauna," in ji Inna, tana huci. "Sau ɗaya na ce, sau ɗaya na yi. A mayar da ni ɗaki."

Wani da kunya zai shige gida ya rufe ƙofa. Na-Sani kuwa ya fito yana shafa kafaɗa, ya sanar da cewa ƙarfe huɗu za a nuna hotuna a babbar talabijin ɗin mai aski, kowa ya zo ya ga bambancin ƙwararre da mai waya.

Kowa kuwa ya zo. Shagon ya cika har waje. Inna ma ta sa aka kawo ta, ta ce tana so ta ga abin da ta sha rana a kansa. Mai shagon kyamara, wanda mai aski ya yi wa waya, ya zo da igiyar da ake haɗawa, ya haɗa, ya koma gefe ya naɗe hannu.

"Hoto ɗari takwas da goma sha biyu," in ji Na-Sani. "A kashe fitila. Mai aski, danna."

Na farko ya fito: babur. Tar, har ƙurar da ke kan madubinsa. A bayansa wasu launuka sun cakuɗe kamar wankin da ya zuba.

"Gwaji ne. Wuce."

Babur. Babur. Bayan babur. Jarkokin ruwa, ana ganin ɗigon da ke zuba daga ta uku. Katifa, har da tambarin kamfani. Kwata, hoto arba'in. Shagon mai ɗinki. Malamin makaranta yana ɗaga hula yana sosa hanyar da ke kansa.

"A goge wannan," in ji malamin makaranta.

Sai kaza. Ba a taɓa yi wa kaza hoto irin wannan ba. Kowane gashi a wurinsa, ido na sheƙi, ƙafa ɗaya a sama kamar matar gwamna za ta sauka daga mota. Hoto sittin da ita da 'ya'yanta.

"Ma sha Allah," in ji mai aski. "Hoton iyali dai ya fito."

Shagon ya ɗauki dariya. Nas ba ta yi ba. "Yaya, mu ina muke?"

"Ga ku nan a baya. Ba ki ga ja ba? Ke ce."

"Ni shuɗi na sa."

"To shuɗin ke ce."

Aka wuce. Keke ya fito, a kansa wani mutum ya sha farar riga mai aiki a wuya, iska na kaɗa ta. Auta ya miƙe tsaye.

"Wannan ai rigata ce!"

Aka juya neman mai wanki, wanda ke tsaye a bakin ƙofa tun farko. Sai takalminsa ɗaya aka samu.

"Kun gani?" in ji Na-Sani. "Ƙaramar za ta kama ɓarawo?"

"Yaya," in ji Auta, muryarsa ta yi ƙasa, "ba ɓarawo na roƙa ba. Gobe da asuba zan tafi."

Dariyar ta mutu. Mai shagon kyamara ya yi gyaran murya. "Na gaya masa. Abin da ke gudu take bi. Ku kuma an ce ko numfashi kada ku yi."

"Na sa…" Na-Sani ya fara. Inna ta ɗan ɗaga sanda. Ya haɗiye sauran.

"Inna," in ji Nas, "ko za a sake? Minti biyar, a inuwa. Ga mai shago, zai kawo ƙaramar."

"Na ce sau ɗaya."

Duk wanda ya san Inna ya san an rufe maganar. Auta ya zauna ya sa kai a gwiwa. Mai aski, don ya rasa abin yi da hannunsa, ya ci gaba da dannawa. Ɗari bakwai da casa'in. Motar haya. Ɗari takwas.

Ya tsaya.

Inna ce ta cika talabijin. Tana tsakiyar titi, mayafi ya buɗe a bayanta, sanda a sama, baki a tsuke. Kowane layi na fuskarta ya fito, har tabon da ke gefen girarta, har zaren da ya fara warwarewa a bakin mayafin. Idanun nan kuwa, duk wanda ke shagon da ya taɓa fasa mata kofi ya gyara zama.

Auta ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya share ido da hannun tsohuwar rigarsa.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Har muryar ina ji."

Inna ta sa aka matsar da kujerarta gaban talabijin. Ta dubi hoton sama da ƙasa.

"Wannan dai ba ta yi kama da ɓarauniya ba," ta ce. "A wanke biyu. Ɗaya na yaron nan, ɗaya a rataya a falo."

Na-Sani ya miƙe, ya gyara wuyan riga. "To, yanzu kun gane. Tun farko abin da na shirya ke nan. Mutum a zaune ba ya fita da kyau. Dole sai ka san yadda za ka taso da shi. Ranar ma da gangan na…"

"Ba mu makullin wayoyinmu," in ji Nas.

Auta ya tafi da hotonsa a cikin jaka, tsakanin riguna biyu. Ƙaramar kyamarar kuwa, mai aski ne ya saye ta ranar Litinin. Ya rataya farin ƙyalle a bayan shago, ya murɗa koriyar alama, yanzu duk mai neman hoton katin shaida a layin wurinsa yake zuwa. Babbar tana shagon Na-Sani a kan kanta, ta danne takardu kada iska ta kwashe. Ya ce yana jiran a buɗe filin ƙwallo a kusa.

Hoton yana falo, a saman kujerar Inna. Duk wanda ya zo daga dangi sai ya nuna wani gajimare a bayanta ya ce shi ne, har an taɓa yin rigima a kan wani kore. Wata rana Na-Sani ya tsaya a gabansa ya yi ajiyar zuciya, yadda baƙi za su ji.

"Haka aikinmu yake. Kowa ya fito, ban da mai ɗauka."

Inna ba ta ko ɗago kai ba.

"Kana ciki," ta ce. "Duk wanda ya ga sandar nan ya san wurin wa za ta."